Tambayoyi da amsoshi: ɗaliban Cadi da ke karatu a arewacin Kamaru da shirin zuwa bakin teku a Kiribi

Ɗalibai da yawa daga Njamena, Mundu da Bongor suna karatu a Jami'ar Ngaundere da ke Dang, wasu kuma a Marwa da Garwa. Galibinsu sun tashi a gefen kogin Shari ko na Logon, amma ba su taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Da hutu ya ƙarato sai a fara haɗa kai, mutum biyar ko takwas, ana cewa bana sai an ga teku. Ga tambayoyin da masu irin wannan shiri suka fi yi.

Kiribi za mu je ko Limbe?

Kiribi. Limbe gari ne mai kyau, da baƙin yashinsa da Dutsen Kamaru a bayansa, amma yana yankin Kudu maso Yamma, inda ake fama da rikici tun 2016. Baƙon ɗalibi mai takardun wata ƙasa ba shi da dalilin kai kansa inda bincike ya fi tsanani. Kiribi tana yankin Kudu, a bakin kogin Kienke, yashinta fari ne, masauki ya fi yawa, kuma kusan kowa yana jin Faransanci.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu. Kada ku auna da kalandar gida, domin a can damina biyu ake yi: ƙarama daga Maris zuwa Yuni, babba daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan sauƙi a Yuli da Agusta. Ruwan da ke sauka a Kiribi a shekara ya kusa milimita 3,000, wato ya ninka na Njamena wajen sau biyar. Wanda ya je a Oktoba zai iya ƙare hutunsa yana kallon ruwa ta taga.

Sai dai kowa ya san wannan lissafi. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, mutanen Duwala da Yawunde suna cika garin, kuɗin ɗaki ya tashi, motoci su yi wuya. In jadawalin makaranta ya ba ku dama, tsakiyar mako a Janairu ko Fabrairu ya fi arha da sarari. Ranakun Asabar da Lahadi kullum sun fi tsada.

Waɗanne takardu za mu riƙe? Ai Cadi da Kamaru duk CEMAC ne.

Haka ne, tun 2017 ɗan ƙasar CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen tsakiyar Afirka, yana shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza, da fasfo ko katin ɗan ƙasa na zamani. Amma wannan sassauci na ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba ce. Ku ɗalibai ne masu zaman shekara, don haka jandarman da ya tsayar da mota yana da hurumin tambayar takardar zama. Kowa ya riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, da takardar zama ko rasidin nemanta, da katin ɗalibi na wannan shekarar, da katin rigakafin shawara mai launin rawaya. Katin ɗalibi shi kaɗai ba ya tsayawa a matsayin shaidar ɗan ƙasa, kuma nan ne ake yawan samun tangarɗa: mutum ɗaya ya zo da shi kaɗai, a sauke shi, mota ta tsaya, sauran fasinja su fara surutu.

Ku duba takardun juna mako biyu kafin tafiya, ba ranar tafiya ba. Kowa ya ɗauki hoton nasa a waya, ya kuma yi kwafi biyu a ajiye a jaka dabam. In takarda ta ɓata, a je ofishin 'yan sanda mafi kusa a yi takardar shaidar ɓata kafin a sake hawa mota. Ofishin jakadancin Cadi yana Yawunde, a kan hanyarku ta dawowa.

Yaya hanyar take daga Ngaundere?

Zango biyu ne. Na farko jirgin ƙasa na Camrail daga Ngaundere zuwa Yawunde, kilomita 622 ko kusa da haka. Yana tashi da daddare ya kwana a hanya, ta Ngaundal, Belabo da Nanga-Eboko, ya isa da safe. Ku ƙiyasta awa 14, ku bar wa jinkiri wuri. Akwai kujerar aji na biyu, da ta aji na ɗaya, da ɗakin kwana mai gado huɗu, da mai gado biyu. In ku huɗu ne ko takwas, ɗaki mai gado huɗu ya fi komai: kun kulle ƙofarku, kayanku na gabanku, kun iso da ƙarfinku. Aji na biyu ya fi arha nesa ba kusa ba, amma dare ne na zaune cikin cunkoso, da ido ɗaya a kan jaka. Da sunan mutum ake yanka tikiti, don haka wanda aka aika tasha ya tafi da takardun kowa, kuma a lokacin hutu a saya da kwanaki kafin tafiya, domin gadaje su ne ke fara ƙarewa.

Akwai hanyar mota ta Meiganga, Garwa-Bulai da Bertuwa, fiye da kilomita 800. Tana aiki, amma gajiyarta da yawan shingayenta sun fi na jirgi.

Zango na biyu daga Yawunde ne. Daga tashar jirgi ku ɗauki tasi zuwa Mvan, a kudancin birni, inda kamfanonin motocin Kiribi suke. Mota tana bin babbar hanyar Duwala har Edeya, sannan ta karkata kudu. Duka kusan kilomita 280 ne, awa 4 zuwa 5. Wannan hanya cike take da tireloli da motocin dakon katako, kuma haɗarinta da dare ba ɓoyayye ba ne. In jirgi ya makara har kuka ga ba za ku isa Kiribi da rana ba, ku kwana a Yawunde. Unguwar Briqueterie tana nan da masallatai da masu tsire da Hausawa, ba za ku yi baƙunta ba.

Masu tasowa daga Marwa ko Garwa su ƙara yini guda. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 275 ne, da hawan dutsen nan na kusa da gari inda manyan motoci ke rarrafe, don haka a fito da asuba in ana son riskar jirgin ranar.

Kwana nawa ya kamata mu ware?

Shida aƙalla: biyu na zuwa, biyu na dawowa, biyu cikakku a can. In ƙasa da haka ne, kun biya kuɗin wahala kawai.

Ta yaya za mu tsara kuɗi ba tare da an ɓata ba?

Kuɗi ya fi teku raba abokai a irin wannan tafiya, kuma dalilin ɗaya ne: ba a faɗi komai a fili ba tun farko. Ku raba kuɗin da za a kashe gida biyu. Na tarayya shi ne masauki, abincin da za a dafa, ruwan sha, tasi da babur, da kuɗin kwalekwale. Na kai shi ne tikitin kowa, tsaraba, da duk abin da ransa ya biya. A naɗa ma'aji ɗaya, wani dabam kuma ya riƙe littafi, a rubuta ko sefa 200 ce. Alal misali, in an sami gida a kan sefa 30,000 a kwana, ku shida, kwana uku, kowa 15,000 ke nan; a kan jimillar duk abin tarayya ku ɗora kashi 20 cikin 100 na ko-ta-kwana, wanda za a mayar in ba a taɓa ba.

A tara kuɗin kafin a yanki tikiti. Wanda ya ce zai biya in an turo masa daga gida, a yi masa uzuri cikin mutunci amma kada a sa shi a lissafi sai kuɗin ya shigo. A kuma yanke tun yanzu: wanda ya fasa bayan an biya kafin alƙalamin masauki, rabonsa ba ya dawowa.

Sefar Cadi ita ce ta Kamaru, ba canji. Rabin kuɗin ya zauna a Orange Money ko MTN MoMo a wayoyin mutum biyu, sauran a hannu, da ƙananan takardu da silalla masu yawa, domin mai babur da mai gasa kifi ba kasafai suke da canjin 10,000 ba. Kuɗin komawa kuwa a cire shi gefe tun ranar farko, kada ya shiga asusun abinci.

Otal ko gidan haya?

Ga mutum biyar zuwa sama, gidan haya mai kayan ɗaki da kicin ya fi sauƙi, kuma kuna dafa abin da kuka yarda da shi. Amma a nan 'yan damfara suka fi kafa tarko: hotuna masu kyau a Facebook ko WhatsApp, a ce a turo rabin kuɗi, ku iso ku tarar babu gidan ko kuma mai shi bai san da zancen ba. Ku nemi a kira ku ta bidiyo daga cikin gidan, a nuna ƙofar waje da titi. In kuna da wani sananne a garin ya je ya gani da ido. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kwana ɗaya.

Ku tambayi abubuwan da hoto ba ya nunawa: ruwan famfo ne ko rijiya, akwai tanki? In an ɗauke wuta akwai janareto, wa ke sayen mai? Mitar wuta ta kati ce, kuma a kan wa take? Mutum nawa aka yarda su kwana? Akwai gidan sauro? Tafiyar minti nawa ce da ƙafa zuwa bakin ruwa? In ƙungiyar ta haɗa maza da mata, a nemi ɗakuna da banɗakuna dabam tun wajen ciniki.

Na iya ruwa tun ina yaro, ina ƙetare Shari. Me zai ba ni tsoro a teku?

Ɗan'uwa, irinka ne muka fi jin tsoro. Wanda bai iya ba yana tsayawa a gefe; gwanin kogi shi ke shiga da gadara. Kogi yana tafiya ne gefe guda, ka san inda zai kai ka, kuma gaɓa tana kusa hagu da dama. Teku tana turo ruwa gaɓa da igiya, kuma dole ruwan nan ya sami hanyar komawa. Inda tudun yashin ƙarƙashi ya tsage, ko gefen duwatsu, ko bakin kogi, sai ruwan ya taru ya koma ciki ta wani siririn kwararo da gudun da kan kai mita 2 a daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya. Abin takaicin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: igiya tana fashewa hagu da dama, tsakiya kuwa shiru, ruwan ya ɗan yi duhu ko ya gauraye da yashi, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Baƙo yana ganin wurin ya ce ga inda ya kwanta, nan za mu yi wanka.

In ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa kai tsaye. Gajiya ce ke kashe mutum, kwararon ba ya danna kowa ƙasa. Ka kwanta rigingine ka bar ruwa ya ɗauke ka, gishiri yana taimaka wa jiki ya taso. Ka ɗaga hannu ɗaya ka yi kira. In kana da ƙarfi, ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga jan, sannan ka biyo igiya ka dawo.

Akwai kuma cika da janyewa, abin da kogi ba ya yi. Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a yini da dare, tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana matsawa da kusan minti 50. Ta fi cika da ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Dutsen da kuka hau da ƙafa kuna hoto da hantsi zai iya zama tsibiri kafin la'asar, jakar da aka ajiye a busasshen yashi kuma ta tafi.

Dokokin da muke ba kowace ƙungiya ba su da yawa. Ku tambayi masunta inda ake wanka, su Batanga, 'yan asalin gaɓar, sun san ruwansu taku-taku. Ku tsaya minti 10 kuna kallon ruwan kafin kowa ya shiga. Wanda bai iya ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, wanda ya iya kada ya wuce ƙugu. Kada a juya wa igiya baya. Kullum mutum ɗaya yana kan tudu, ba waya a hannunsa, yana ƙirga kawuna, a riƙa canza shi duk rabin awa. Ba shiga da dare, ba shiga kusa da bakin Kienke ko na kogin Lobe, ba wasan tura wanda bai iya ba. Kada ku sa ran akwai ma'aikacin ceto. A mafi yawan gaɓar babu.

In muka ga ɗayanmu yana nutsewa fa?

Mai nutsewa sau da yawa ba ya ihu. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai ya karkata baya, baki yana shiga yana fita, hannuwa suna dukan ruwa. Kada ku ruga ku faɗa gaba ɗaya. Haka gawa ɗaya ke zama uku, domin wanda ya firgita yana danne mai cetonsa. Ku yi kururuwa ku kira masunta da masu kwalekwale, ku jefa masa abin da ke tasowa. Jarka mai lita 20, babu komai ciki, murfi a ɗaure, da igiya mai tsawon mita 15 zuwa 20 a hannunta, ta isa, kuma ya kamata ta kasance tare da ku duk ranar wanka. Wani ya kira 118 na 'yan kwana-kwana ko 117 na 'yan sanda.

In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a ci gaba haka har taimako ya zo. Kada a danna ciki wai a fitar da ruwa, amai yake jawowa ya toshe hanyar iska. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan awoyi.

Me za mu sa mu shiga ruwa, musamman 'yan'uwa mata?

Sutura da aminci ba sa karo in an zaɓi yadi. Zani, doguwar riga mai faɗi, babban hijabi da wandon jins suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, igiya kuma ta kama su ta ja. Mace ta sa dogon wandon motsa jiki da riga mai dogon hannu ta yadin roba mara nauyi wadda ta sauko cinya, da ƙaramin ɗankwali mai kama kai, ta ajiye zani a gaɓa na fitowa. Namiji wandon ƙwallo mai rufe gwiwa, mai mazagi. Ku zo da kaya fiye da yadda kuka saba, domin a wannan laima wanki ba ya bushewa cikin awa ɗaya kamar a gida.

Kifin da sauran abin teku, duk ana ci?

A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, har jatan lande da ƙaguwa, kuma ba ya bukatar yanka. Abin lura shi ne wurin gashi: ku duba ko ana ɗora naman alade ko naman daji a kan waya ɗaya. Farin abin sha da ake kira matango kuwa bammi ne, kada a ruɗe ku da cewa ruwan itace ne.

Ku je kasuwar kifi ta Mboa Manga a bakin Kienke, ku zaɓi ɗanye da kanku, ku ba mata masu gashi. Sabon kifi idonsa garau, cikin kunnensa ja, namansa in ka danna ya dawo. A yi cinikin kifi dabam, na gashi dabam, na soyayyar ayaba ko bobolo (dafaffen rogo da ake naɗewa a ganye) dabam, kafin a ɗora a wuta. Wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya fara da kaɗan. In leɓe ya kumbura, jiki ya yi ƙaiƙayi ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take.

Salla fa?

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru da nisa, kuma a Malikiyya kuna ƙasaru muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Alƙibla daga Kiribi tana wajen digiri 55 daga arewa, ta fi ta Njamena karkata arewa: ka ba teku baya, ka karkata hagu. Rana tana faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 6 da rabi kusan duk shekara, duhu kuma yana rufewa da sauri.

Ya cancanci a je Lobe?

Ƙwarai. Kilomita 7 ne kudu da gari, babur ko tasi na kai ku, kuma yana cikin wurare ƙalilan a duniya inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. A daidaita kuɗin kwalekwale na zuwa da dawowa kafin a hau, a nemi rigar kariya ga kowa, kada a cika shi fiye da kima, kada a miƙe tsaye don hoto. Duwatsun suna da santsi sosai. Za a yi muku tayin hawa kogi zuwa sansanin Bagyeli, mutanen da ke zaune a cikin dajin yankin. In kun je, ku nemi izini kafin hoto, mutane ne a gidajensu. A cikin gari akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, a arewa kuma ƙauyen masunta na Londji.

Ɗan Cadi yana da wani abin kallo na musamman: bututun man Doba, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, a nan yankin ya ƙare. Ku kalla da ido kawai. Kada a ɗauki hoton kayan mai, tashar jiragen ruwa ta Mboro, gadoji ko wurin soja.

Wace cuta ya kamata mu kiyaye?

Zazzaɓin cizon sauro, wanda a kudu babu ruwansa da rani ko damina. Ku zo da gidan sauro da man shafawa na korar ƙwari, wanda zai kuma rage muku cizon ƙananan ƙudajen yamma da ake kira mut-mut. Zazzaɓin ba ya bayyana sai bayan kwana 7 ko fiye, wato kun riga kun koma Dang. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a makonnin nan ya yi gwaji ranar. Kada a shanya wanki a ƙasa, kuma a goge shi da dutsen guga mai zafi, saboda wani ƙuda da ke yin ƙwai a danshin tufafi, tsutsar ta shiga fata. In wani abu mai yauƙi ya harbe ka a ruwa, a wanke da ruwan teku, kada a murza. Ga gudawa, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Dole ne mu gaya wa iyaye? Za su hana.

Ku gaya musu. Baba ko Inna da aka nuna wa ranar tafiya, sunan masauki, sunayen abokan tafiya da alƙawarin ruwa ba zai wuce gwiwa ba sun fi saurin yarda fiye da yadda kuke zato, kuma in wani abu ya faru ba daga bakin baƙo za su fara ji ba. A bar wannan bayani da lambobin iyayen kowa a hannun wani ɗalibi da bai tafi ba, ko shugaban ƙungiyar ɗalibanku.

Yaushe za mu sayi tikitin dawowa?

Da kun sauka a Yawunde ranar zuwa, kafin ku bar tashar jirgi. Ranar komawa ku hau motar farko daga Kiribi, domin jirgin Ngaundere da yamma yake tashi kuma cunkoson shiga Yawunde yana iya cin awa guda. Ku sa ranar isowa ta kasance kwana biyu kafin darasi ko jarrabawa ta farko.